Muhawara: Shin gwamnati na da hurumin yi wa tsarin iyali doka?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da na daɗe ina son ji daga bakin masana na wannan zaure. Duk ƙasar da aka kai ƙudirin dokar lafiyar haihuwa da tsarin iyali gaban majalisa, sai ka ji gari ya ɗauki zafi: malamai na magana, limaman coci na magana, ƙungiyoyin mata na magana, ƙarshe a shekara goma ana abu ɗaya. Ni tambayata a nan: me dokar za ta ƙara? Wadda ke son tazarar haihuwa ai tana zuwa asibiti ta yi, wadda ba ta so ta zauna gidanta. Mene ne na kai maganar majalisa?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Hajiya kin riga kin ba kanki amsa. Ba abin da za ta ƙara sai shisshigi. Abin da ke tsakanin miji da mata ba na ɗan majalisa ba ne. Yau za a ce tazara, gobe a ce ƙayyadewa, jibi a ce zubar da ciki haƙƙi ne. Haka ake shigo da abin, kaɗan-kaɗan.

Sista Ungozoma:
Maman Ilham, wannan "tana zuwa asibiti ta yi" ɗin shi ne inda gizo ke saƙar. Ta je ta tarar da me? Mu da ke ɗakin awo mun sani. Mace za ta zo an yi mata allurar wata uku, ranar dawowarta ta cika, ta zo, a ce allura ta ƙare. Ta koma gida, bayan wata biyu ta dawo da ciki, ga goyo ɗan wata takwas a bayanta. Wata kuma an saka mata ashana, wato ɗan maganin tazara da ake sakawa ƙarƙashin fata, a hannu, jini ya ƙi tsayawa, ta rasa wanda aka koya wa cirewa. In babu doka, kayan nan suna cikin kasafin kuɗi ne in minista ya ga dama. Aka canza minista, shi ke nan. Doka ce ke mayar da abin wajibi a kan gwamnati, har a iya tambayarta ina kuɗin.

Kuma ba kayan tazara kaɗai irin waɗannan dokoki ke magana a kai ba. Akwai awon ciki, akwai karɓar haihuwa a hannun wanda ya koya, akwai jini a ajiye saboda masu zubar jini, akwai maganin jijjiga, akwai kula da wadda ta yi ɓari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata kusan 287,000 ne suka mutu ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara. Amma da an ce "dokar lafiyar haihuwa", kunnen mutane ba ya jin komai sai ƙwaya da kwaroron roba.

Abu Safwan:
Sista, ba wanda ya ƙi a sayi jini da maganin jijjiga. A yi wa wannan dokarsa daban mana. Me ya sa kullum sai an cusa su a buhu ɗaya?

Barista:
Bari in shigo, don tambayar Abu Safwan tana da ma'ana, kuma an taɓa gwada amsarta a kotu. Misalin da ya fi kowanne bayani shi ne na ƙasar Filifin. Mafi yawan mutanenta Katolika ne, cocinsu kuma tun wasiƙar Fafaroma Paul na shida ta 1968 yake kan cewa ƙwaya da makamantanta haramun ne, lissafin kwanaki kawai ya yarda da shi. Ƙudirin ya fi shekara goma yana kai-komo a majalisa, bishop-bishop suna yaƙarsa daga kan mumbari. Sai a Disambar 2012 Shugaba Benigno Aquino ya sa masa hannu. Bai fara aiki ba Kotun Ƙoli ta dakatar da shi a 2013, sannan a Afrilun 2014 ta yanke hukunci: dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, amma ta soke wasu sassa takwas.

Abin lura shi ne waɗanne sassa aka soke. Kotu ba ta taɓa batun raba kayan tazara kyauta ga talakawa ba, ba ta hana koyar da ilimin lafiyar haihuwa a makarantun gwamnati ba. Ta soke hukuncin da aka tanadar wa ma'aikacin lafiya da ya ƙi tura mace wani wuri saboda addininsa, in dai ba rai ke cikin haɗari ba. Ta soke sashen da ya ba mai aure damar a yi masa aiki ba da yardar abokin zamansa ba. Ta soke wanda ya ba yarinyar da ta riga ta haihu ko ta yi ɓari damar karɓar kayan ba da izinin iyaye ba. Wato rigimar gaskiya a wuri uku take: yardar miji ko mata, izinin iyaye, da imanin ma'aikaci. Zubar da ciki kuwa dokar ba ta halatta shi ba, har yau laifi ne a can, tsarin mulkinsu na 1987 ma ya kare rayuwar ɗan tayi tun daga ɗaukar ciki.

Ɗan Auta:
Barista ka dai zo da littafi guda. Mu masu karatu a waya a tausaya mana.

Maman Ilham:
Ɗan Auta ƙyale shi, ni ina karantawa. Barista, to bayan hukuncin sai komai ya daidaita?

Barista:
Ina fa. A 2015 kotun ta sake hana gwamnati raba ashanar hannu, sai a ƙarshen 2017 aka janye. A kasafin 2016 kuma majalisa ta zaftare peso biliyan ɗaya daga kuɗin sayen kayan. Waɗanda suka sha kaye a zauren majalisa suka koma suka tare a kwamitin kasafi. Don haka Sista, doka ma ba ta hana allura ƙarewa. Abin da take yi shi ne ta ba ki wanda za ki kama.

Malam Dattijo:
Na ga ana ta ambaton coci, bari in faɗi abin da malamanmu suka ce, don kada a ɗauka ba su yi magana ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988 a kan wannan mas'ala, ta fitar da matsaya mai gaɓa uku. Ba ya halatta hukuma ta kafa doka ta gama-gari da za ta taƙaita 'yancin ma'aurata na haihuwa. Haramun ne a kashe wa namiji ko mace ikon haihuwa baki ɗaya sai da lalura ta shari'a. Ya halatta a jinkirta ciki na ɗan lokaci don a ba da tazara, idan akwai buƙata, da shawara da yardar juna, ba tare da cutarwa ba, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba.

Hujjarsu sananniya ce. Hadisin Jabir yana cikin Bukhari da Muslim, cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka. Ga ayar shayarwa shekara biyu cikakku a Baƙara. Saboda haka ɗana Abu Safwan, tazara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da aka ƙi shi ne hukuma ta ƙirga wa mutum 'ya'ya.

Abu Safwan:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ai gaɓar farko ita ce maganata. Sun ce kada a yi doka.

Malam Dattijo:
A'a, sake karantawa. Sun ce kada a yi dokar da ke taƙaita 'yancin haihuwa. Dokar da ta ce gwamnati ta ajiye magani a asibiti, wanda ya so ya karɓa, ba ta taƙaita wa kowa komai ba. Kada mu ɗora wa malamai abin da ba su faɗa ba.

Ɗalibar Tarihi:
Ni dai ina ganin bai kamata a yi wa tsoron Abu Safwan dariya ba, domin abin da yake gudu ya faru, ba sau ɗaya ba. Indiya ce ƙasar farko da ta kafa shirin tsarin iyali na ƙasa, a 1952. Lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, 1975 zuwa 1977, aka ba jami'ai adadin da za su cika, aka riƙa riƙe albashin malaman makaranta sai sun kawo mutane, aka yi wa kimanin mutum miliyan takwas aikin hana haihuwa cikin shekara guda, yawancinsu maza talakawa. Ta faɗi zaɓen 1977, kuma sai da aka canza wa ma'aikatar suna saboda mutane sun tsani kalmar tsarin iyali. A Peru, zamanin Shugaba Fujimori, an ɗaure mahaifar mata sama da dubu ɗari biyu a ƙarshen shekarun 1990, akasarinsu 'yan ƙauye waɗanda ko Sifaniyanci ba sa ji, da yawa ba su san abin da aka yi musu ba. Sin kuma kowa ya san dokar ɗa ɗaya, daga wajejen 1980 har 2015.

Amma a juya ɗaya gefen. A Romaniya, shugabanta Ceausescu ya ga haihuwa ta ragu, a 1966 ya haramta zubar da ciki, kayan tazara suka ɓace daga kasuwa, har ana bin mata wurin aiki ana duba ko suna da ciki. Haihuwa ta kusa ninkawa a shekarar farko, daga baya ta sake sauka, mata dubbai suka mutu a hannun masu zubar da ciki a ɓoye, gidajen marayu suka cika. Wannan ma doka ce, kuma ta ƙara haihuwa ce. A ganina cutar ɗaya ce: duk ranar da gwamnati ta sa wa cikin mace lamba, ko ta ragi ko ta ƙari, talaka ne ke biya.

Abu Safwan:
To kin gani. Na gode 'yar uwa.

Ɗalibar Tarihi:
Kada ka yi saurin godiya Malam, rabin maganata ka ɗauka. Abin da ya hana a maimaita irin na Indiya shi ma rubutu ne aka yi. Taron Alƙahira na 1994, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya kan yawan jama'a, ƙasashe 179 suka amince a daina sa wa ma'aikata adadi, a bar wa ma'aurata su zaɓi yawan 'ya'yansu da tazararsu. Matar da aka ɗaure wa mahaifa lokacin tiyata ba a tambaye ta ba, da me za ta kai ƙara in babu dokar da ta ce sai da sa hannunta?

Abu Safwan:
Taron da Saudiyya da Sudan suka ƙaurace wa? Fadar Fafaroma ma ta yi ta jayayya a wurin.

Ɗalibar Tarihi:
Shi fa. Kuma saboda wannan jayayyar aka rubuta a cikin takardar cewa ba za a tallata zubar da ciki a matsayin hanyar tsarin iyali ba, kowace ƙasa ta bi dokarta. Waɗanda suka zauna aka yi da su sun fi waɗanda suka ƙaurace tasiri a kan abin da aka rubuta.

Ummu Hanif:
Ku yi haƙuri in dawo da ku ƙasa, kun tafi Peru kun bar mu. Maganar yardar miji ce ta tsaya mini. Ina da 'yar uwa da aka yi wa tiyata sau uku a jere, likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu mahaifar na iya fashewa. Mijin ya ce shi bai yarda da wannan abu ba, ko asibitin ya ƙi zuwa a yi masa bayani. To a irin dokar da kotun Filifin ta gyara, wannan baiwar Allah sai ta zauna jiran sa hannunsa? Ranar da abin ya faru ba shi za a shiga da shi ɗakin tiyata ba.

Abu Safwan:
Wannan lalura ce, ba wanda zai yi musu. Amma ba a gina doka a kan mutum ɗaya mai taurin kai. In aka buɗe ƙofa, mace za ta shekara biyar tana shan ƙwaya miji na ta yawon neman magani, yana zaton matsalar daga gare shi take. Wannan ba zalunci ba ne? Shi ma yana da haƙƙi a kan zuriya. Malamai ma da suka yi maganar azalu cewa suka yi sai da izinin matar, to haka in an juya.

Ummu Hanif:
Ba mutum ɗaya ba ne Malam, tambayi Sista.

Sista Ungozoma:
Ba ɗaya ba ne kam. Amma gaskiya, wanda ya ƙi sam-sam bai kai wanda ba a taɓa zaunar da shi an yi masa bayani ba yawa. Namiji in ya ji daga bakin likita cewa ana so a huta wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, wata shida bayan ɓari, ya ji dalili, yawanci yana sauka. Matsalar, tsarin namu kamar an gina shi ne don kada namiji ya shigo. Ni da za a tambaye ni, dokar ta wajabta wa asibiti gayyatar miji a yi shawara da shi, amma kada ta ce takardarsa ce sharaɗi in likita ya tabbatar akwai haɗari. Ɗaurin mahaifa, wanda ba a dawowa daga gare shi, wannan a nemi su biyun. Allurar wata uku kuwa ba ɗaya suke ba.

Sannan mu ma'aikata a ɗaure mu da doka mu faɗi gaskiya. Allura tana iya rikita al'ada, kuma bayan an daina wata takan yi watanni, har kusan shekara, kafin ta samu ciki. Ashana tana sa ɗigon jini. Robar mahaifa tana iya ƙara yawan jinin al'ada, amma da an cire ana iya ɗaukar ciki. Shayarwa tana karewa ne kawai in jariri bai wuce wata shida ba, nono zalla yake sha, kuma al'ada ba ta dawo ba. In aka ɓoye wa mace waɗannan don kada ta tsorata, ranar da ta ga jini za ta gaya wa mata goma cewa an cuce ta, kuma tana da gaskiya.

Barista:
Sista kin rubuta sashe guda na ƙudiri ba ki sani ba. Bambanta abin da ake iya warwarewa da wanda ba a iyawa, wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙin karewa a gaban alƙali.

Ɗan Auta:
Ni tambayata ɗaya. In abin alheri ne, me ya sa Turawa ke kashe kuɗinsu a kai? Maganin zazzaɓi sai ka saya, wannan kuwa kyauta.

Barista:
Tambayar ba ta banza ba ce, amma ka duba yadda kuɗin yake. Tun 1984 shugaban Amurka Reagan ya kafa ƙa'idar hana tallafin Amurka ga ƙungiyoyin waje da ke harkar zubar da ciki ko ba da shawara a kai. Clinton ya soke a 1993, Bush ya dawo da ita a 2001, Obama ya soke, Trump ya dawo da ita a 2017, Biden ya soke, Trump ya sake dawo da ita a 2025. Su kansu ba su daidaita ba. Asibitin da ke jiran wannan kuɗi, zaɓen wata ƙasa ne ke yanke masa ko zai buɗe. In kana zargin mai bayarwa, maganin shi ne ƙasa ta sa nata kuɗin ta rubuta nata sharuɗɗan, wanda kuma sai da doka.

Malam Dattijo:
Akwai ƙasar da ta yi da kanta. Iran bayan yaƙinta da Iraƙi, a 1989, da goyon bayan malamanta ta farfaɗo da shirin. Ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka suka riƙa ba da kayan kyauta, aka wajabta wa masu shirin aure zama a aji kafin a ba su takarda. Mace da ke haihuwar shida ko fiye, kafin shekarar 2000 ta dawo wajen biyu. Sai dai sun haɗa da matsi, don dokar 1993 ta janye wasu alawus daga ɗa na huɗu. Yanzu kuma sun ga tsofaffi na yawa, a 2021 suka yi sabuwar doka ta hana raba kayan kyauta. Sin ma ta koma 'ya'ya biyu a 2016, uku a 2021, mutane sun ƙi haihuwar. Na kawo wannan ne don masu ganin rage jama'a shi ne ci gaba su san saukowa ta fi hawa sauƙi.

Ɗalibar Tarihi:
Baba, shi ya sa ni ko a gabatarwar doka ba na son ganin maganar yawan jama'a. Da an rubuta "domin rage" ko "domin ƙara", an ba wani jami'i dalilin ƙirga.

Maman Ilham:
Ba wanda ya taɓa batun 'yan mata da makaranta, kuma ni a nan ne nake tare da Abu Safwan. Ban yarda a ba 'yata komai ba da sanina ba.

Sista Ungozoma:
Ni ma uwa ce, na fahimta. Amma ki tuna akwai 'yar shekara sha shida mai aure da goyo. A takarda yarinya ce, a ɗakin haihuwa uwa ce. Izinin wa za ta kawo, na uban da ya aurar da ita ko na miji? Irin wannan ne masu rubuta doka ke tsallakewa saboda kowa na tsoron a ce ya faɗi shekarun aure.

Abu Safwan:
Barista, tunda kai ne mai takardu: Yarjejeniyar Maputo ta ƙasashen Afirka kan haƙƙin mata fa? An ce duk ƙasar da ta sa hannu ta halatta zubar da ciki.

Barista:
Sashe na 14 ne ake nufi. An amince da yarjejeniyar a 2003, ta fara aiki a 2005. Ta ba mace haƙƙin zaɓar yawan 'ya'ya da tazara da hanyar da take so. Zubar da ciki kuwa ta ambace shi a yanayi ƙididdigaggu: fyaɗe, cikin da muharrami ya yi, da inda cikin ke barazana ga lafiya ko ran uwa, ko ran ɗan tayin. Ƙasa tana iya sa hannu ta ce ban da wannan gaɓa, Uganda ta yi haka. Kuma a ƙasashe da dama yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita. Inda za ka sa ido shi ne kalmar "lafiya", domin ta haɗa da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma faɗinta ya danganta da wanda ke fassarawa. Jamhuriyar Benin a 2021 ta wuce nan ma, ta yarda har mako 12 idan cikin zai jefa mace cikin ƙuncin karatu, aiki ko abin hannu.

Abu Safwan:
To ka ga abin da na faɗa tun farko. Kaɗan-kaɗan.

Barista:
Benin majalisarta ce ta zauna ta kaɗa ƙuri'a a kan wannan gaɓar da sunanta, ba ta ƙofar baya ta shigo ba. Filifin kuma sama da shekara goma da dokarta, ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Ka nemi kwafin duk ƙudirin da ake magana a kai, ka duba sashen ma'anar kalmomi da sashen hukunci, sannan ka zo mu yi faɗa a kan layi.

Ummu Hanif:
Har yanzu dai ba a ba ni amsar 'yar uwata ba. Malam Dattijo, a shari'a, in likita amintacce ya ce akwai haɗari miji ya ƙi, za ta iya yi ba da saninsa ba?

Malam Dattijo:
'Yata, inda rai ke cikin haɗari, ba a yi wa miji biyayya a kan halaka, wannan ƙa'ida ce sananniya. Amma ba na ba da fatawa a kan mutum ta waya. A samu takardar likitan a rubuce, a kai wa malamin da mijin ke jin maganarsa, a haɗa da waliyyinta. In ya ƙi bayan haka, alƙali na nan.

Ummu Hanif:
Waliyyin nata ne ya ce ta yi haƙuri.